Mutanen da Malam Dodo Ya Zana Ta Baya

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Mai girma wakilin parefe, shugaban hukumar yankinmu, wakilin Sarki, Allah gafarta Malam Liman da malaman da ke tare da shi, Ardo da manyan Buzaye da suka taso tun daga kwarin Tarka, Alhaji Sani ƙanen mamaci, Abdulhafiz da Zuhaira 'ya'yan mamacin, jama'ar Belbeji maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ne Sidi, tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko. An zaɓe ni in yi magana a wannan sadakar arba'in don ni na fi kowa daɗewa ina faɗa da Malam Dodo. Mun yi faɗa kan shayi, mun yi kan siyasa, yau kuma ya tafi ya bar mini wani faɗan a gidansa.

Ya kasance malamin dabbobi, mai allurar rigakafi. Daga Ollelewa zuwa iyakar daji, babu rijiyar da bai sauka ba. Ya kasance mutumin da in ciwo ya faɗa wa garke, ba ya tambayar na Bahaushe ne ko na Bafillace. Ya kasance kuma, kowa ya sani, mai kaye da kiriyon, wato littafi da fensir, a aljihun riga. Da zarar an gama allura, wasu su nemi inuwa, shi sai ya ɗora littafinsa a gwiwa ya hau zane: guga, igiya, jakin da ya ƙi tashi, tsohuwa mai tallan cuku.

Wannan ɗabi'a ta kusa halaka shi. Rissa, ga ka nan zaune, in na yi ƙarya ka tsayar da ni. A wata rijiyar Tarka, Rissa ya hango baƙon ma'aikaci yana kallon raƙumansa yana rubutu. Duk mun san makiyayi ba ya son a ƙirga masa dabba, ko don haraji ko don baki. Ya taso da takobi a kafaɗa, matasa biye da shi da sanduna, ya fizge littafin. Dodo ya gaya mini a ranar har kalmar shahada ya yi. Rissa ya duba, babu lissafi ko ɗaya, sai zanen taguwarsa mai yagaggen kunne. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, malam, ka rage mata tozo! So kake a ce ba na kiwo?" Dodo ya ƙara mata tozo. Daga ranar garken Rissa ne ke fara shiga layin allura, sauran suka biyo.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowa a nan ya ji abin da ake ƙus-ƙus a kai tun safe. Littattafan nan suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin mamaci. Abdulhafiz ya rantse cewa da an watse yau zai fito da su ya cinna musu wuta. Zuhaira ta zauna kan akwatin tun jiya, ta ce sai dai a haɗa da ita. Yaya da ƙanwa, ciki ɗaya, sun daina gaisawa ƙasar kabarin ubansu ba ta gama kwantawa ba. Wannan ya ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Abdulhafiz, na ga ka miƙe. Zauna, ɗana. Don Allah zauna. Ban zo in kunyata ka ba.

Ku saurara, kada wani ya fita nan ya ce yaron nan mugu ne. Shi ya yi jinyar ubansa, shi ya juya shi, shi ya wanke shi. Tsoro yake ji. Ya yi karatu, ya ji abin da aka ce game da masu zana mai rai, yana tsoron kada takardun nan su zame wa ubansa nauyi a inda yake kwance. Wanda bai taɓa jin irin wannan tsoro don mahaifinsa ba, ya yi shiru.

Ni ba malamin addini ba ne, kuma bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Hukunci na Malam Liman ne da 'yan'uwansa. Amma ni shaida ne, kuma ga abin da na gani. Tsoron da kake ji, ubanka ya riga ka jin sa. Tun muna samari ya je ya tambayi malaminsa, ya dawo ya ce mini, "Sidi, ni da fuskar mutum har abada." Bai sake zana fuska ba. Ta baya yake zana mutane: ƙeya, kafaɗa, dunduniya, hannu a kan igiya. Na sha tsokanarsa, ina cewa, "Kai dai ba ka iya hanci ba ne." Sai ya ce, "Fuska ta Mai ita ce. Ni aikin mutum nake zanawa." Abin mamaki, babu wanda ya zana da ba mu gane ba. Yara ma kan nuna su ce, wannan Audi mahauci ne, ga gwamen ƙafarsa.

Ko hakan ya wadatar, Allah ne masani, malamai kuma ga su. Abin da na sani, kai ba ka taɓa buɗe akwatin nan ba. Kai da bakinka ka gaya mini.

Ga wata takarda a aljihuna. Ranar da aka binne mahaifiyarku Kaltuma, Dodo ya yage ta daga littafinsa ya ba ni, ya ce ba zai iya kallonta ba, kuma ba zai iya yar da ita ba. Kun san Kaltuma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Duk duniya babu wani abu da ya rage na kamanninta sai wannan. Ga ta ta juya baya tana shiƙar hatsi, kafaɗar hagu ta ɗan sauka, yadda takan yi. Ga goyo a bayanta, ƙafa ɗaya ta zamo daga zane. Goyon nan kai ne, Abdulhafiz.

Wannan ba tawa ba ce, amana ce, yau na mayar da ita cikin gado. Ba na roƙonka ka karya rantsuwa don ni. Roƙona ɗaya: kada a kunna ashana yau. Ku kai akwatin gaban Malam Liman, kai da ƙanwarka, a buɗe, a duba, ya faɗa muku hukuncin zanen da na rantsuwar. Abin da aka ajiye ana iya ƙona shi gobe. Toka ba ta komawa takarda. Zuhaira, na san kina jina daga ɗaki, ke ma ki sauko daga kan akwatin nan, yayanki ne, ba ɓarawo ba.

In kuma ka ce sai yau, to ga ta. Ka fara da wannan, da hannunka, kana kallonta.

Karɓi, ɗana. Riƙe ta da kyau, ta tsufa, gefenta na yagewa. Ku ba shi wuri, ku bar shi ya yi kukansa.

Muna godiya ga hukuma, da sarakuna, da malamai, da waɗanda suka baro dabbobinsu a rijiya suka zo. Ya Allah, Ka san Dodo ya ji tsoronKa har a bakin kiriyonsa. In ya yi kuskure Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa da na Kaltuma, Ka haɗa kan 'ya'yan da suka bari. Malam Liman, a shafa mana Fatiha.