Tuffar Gonar Gwaji

A bencin tashar mota, wani mutum mai kwali a cinya ya miƙa wa matar da ke gefensa tuffa. Ta gatsa.

"Malam, wannan zaƙi kamar zuma? Ina ake sayar da ita?"

"Ba a sayarwa, baiwar Allah. Daga gonar gwajin da nake aiki take. Ƙwayoyin halittar bishiyar muka canza, sai ta riƙa tara sukari a 'ya'yanta."

Ta daina taunawa.

"Halittar bishiya kuka canza?"

"Ba wani abu ba ne. Zaƙin ya fito, amma ba ta jure ajiya, cikinta ruwa yake yi. Shi ne aka ce a sare bishiyoyin a ƙone, ni kuwa na ga asara ce."

"Abin da aka ce a ƙone ka ba ni na haɗiye? Juna biyu gare ni fa, Malam."

"Wallahi lafiyarta lau. Kullum ina ci."

"'Ya'yanka ma suna ci?"

Ya gyara zaman kwalin, ya dubi ƙasa.

"Su dai tukuna, sai sakamakon gwajin ya fito."