Gurbin Orest a Jikin Silin

Fada Bohdan na cocinmu, shugaban sashen su Orest a jami'a, Farfesa Lindqvist, ƙanwata Lesia mahaifiyar marigayi, Colleen matarsa, 'yan'uwa da maƙwabta, ina gaishe ku. Ni ne Metro, kawun Orest. Ban yi karatu ba, ba kuma ni na nemi tsayawa nan ba.

Ya kasance yaron da ya kwance mana rediyon tarakta ana tsakar girbi, wai yana neman inda muryar take fitowa. Ya kasance mai bin gidajen tsofaffin garin nan yana tayar musu da janareta duk sanda ƙanƙara ta karya layin wuta. Ya kasance mai taurin kai. Wannan a wajena ya gado.

Ku mutanen jami'a, mun ba ku shi ya yi digiri na uku a injiniyancin lantarki. Malaminsa na farko ya samu wuri mai maiƙo ya tafi, ya bar shi ya sake daga tushe. Ban manta ba. Duk kaka sai na kira shi: "Kai Dokta, alkama fa ta nuna." Ya ce, "Kawu, baɗi zan gama." Na ce, "Baɗin nan taka ta girmi karena." Mun gaji da jira, shi ma ya gaji. Furfura ta fito masa yana ɗalibi.

Bara ya kai ni ɗakin bincikensu ya nuna mini silin. Al'adarsu, duk wanda ya tsaya gaban malamai ya amsa tambayoyinsu ya ci, sai ya buɗe kwalbar giyar shamfen, marfin ya daki silin, ya hau ya rubuta sunansa kusa da tabon. Ya nuna wani fili gefen fitila. "Nan ne nawa, Kawu. Na hana kowa." Na ce, "Gona guda ka bari saboda tabo a silin?" Ya yi ta dariya.

An sa masa ranar tsayawa gaban malamai a watan Afrilu. Santsin ƙanƙara a hanya ya riga ranar zuwa, hatsarin mota ya ɗauke mana shi.

Yanzu an ce kwamiti zai zauna ya duba ko za a ba shi takardar digirin bayan rasuwarsa. Su duba. Lesia, share hawayenki, ba takarda ɗanki ya nuna mini ba.

Farfesa, jiya na yi maka maganar silin, ka ce sai wanda ya tsaya gaban malamai. Na ji. Amma da bakinka ka ce aikinsa ya kammala. Kwalba tana motata, tsani ma haka. Gwiwata ba ta hawa. Colleen, 'yata, ke za ki hau ki rubuta sunansa. Gobe muna zuwa. In an buɗe ƙofa, mun gode. In ba a buɗe ba, ina da kujera, zan zauna a bakinta. Jira dai kun koya mana.

Mun gode wa matan coci da suka yi girki, da duk wanda ya keto sanyin nan ya zo. Ubangiji ya ba Orest hutun da bai samu ba a nan, kada sunansa ya gushe a bakinmu. Amin.