Alƙalamin Bayan Kunne

A bencin jiran wani asibiti a Lahore, Nuzhat na ta jujjuya takardar gurbin ƙarin horo. Yau za ta sa hannu, ko a ba wani. Wani tsoho mai ɗori ya leƙo takardar.

"Shekara biyar kina karatun gashin ƙashi, 'yata, ga wasu biyu a kan ciwon kafaɗa kaɗai? Ni wata guda na yi wajen babana, rabin 'yan kokawar garin nan na ɗora!"

"To me ya kawo ka, Baba?"

"Rakiya."

"Ara min alƙalamin bayan kunnenka."

Hannunsa ya ɗaga zuwa haɓa, ya ƙi gaba.

"Wane gwani ya ɗora maka kafaɗar nan?"

"Ni. Yaushe kika ce za ki gama?"

Ta zaro alƙalamin da kanta.