Ranar da Aka Zubar Mini da Haƙora da Gorata

Ina gaishe ku, dattawa da 'yan'uwa na zumuntar maza, cikin sunan Yesu wanda ya tsince ni kwance cikin jinina. Sunana Ishaya, amma in kun je Roni ku ce Baba Mai Gora, shi aka fi sani. Fasto ya ce in rubuta shaidata a karanta muku, don yanzu in na tsaya magana iska ce ke fita ta gurbin haƙorana. Karatuna bai wuce aji uku ba, na ukun ma ta taga na yi shi, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Gorar nan tun ina saurayi take hannuna, kanta ɗaure da ƙarfe. Na daki ɓarawon akuya da ita, na daki wanda ake zargi, na daki wanda ya zo rabon faɗa. Da aka yi mini baftisma ban yar da ita ba. Nakan jingine ta a ƙofar majami'a, in an tashi in ɗauki abata.

Autata Rifkatu tana koyarwa a wata firamare a Kazaure. Wani yaro ɗan Gwiwa, Yohanna, ya nemi aurenta. Yana da ladabi, sai dai ba gona, ba saniya, littafi kawai. Iyayensa suka kawo goro da kayan gaisuwa, aka yi baiko. Ana nan sai ya sami gurbin karatun digiri na uku a wata ƙasar Turawa da sunanta ba ya zama a bakina. Ya zo ya durƙusa a zaure.

"Baba, ina roƙo ku yarda a ɗaura kafin in tafi. In da aure, za su bar ta ta biyo ni."

Na ce, "Je ka gama, ka dawo da abin ciyar da ita. Ba na ba ɗan makaranta 'yata."

Ku ji irin gadin da na yi musu. In ya zo zance, a tsakaninsu nake zama ina sassaƙa ƙota. Ranar da na riske su a bakin dam ɗin Kazaure, kafaɗa na taɓa kafaɗa suna ɗaukar hoto, na sauke gora a kan wayar ta tarwatse, ragowar dukan ya faɗa a goshinsa. Da ɗinki a fuska ya tafi ƙasar mutane. Ni kuwa ina yawo ina taƙama cewa 'yata ko hoto ba ta taɓa yi da namiji ba.

Da ya zauna can, ya nema mata izinin zuwa. Aka hana. Ya bugo wa matata Ladi waya, ta buɗe muryar kowa ya ji.

Ya ce, "Baba, su ba su san baiko ba, goro ba shaida ba ne a wurinsu. Ko dai takardar aure, ko ta sami nata gurbin karatun, ko ta zo ziyara ta koma, ita ma da wuya su yarda. Ko kuma..."

"Ko kuma me?"

"Ko mu nuna mun daɗe muna zaune ɗaki ɗaya kamar miji da mata. Da hotuna, da shaidar gida ɗaya."

"Ɗaki ɗaya? 'Yar Ishaya?" Na sauke gora, wayar Ladi ma ta bi 'yar'uwarta.

Rifkatu ta dube ni, idonta a bushe. Ta ce, "Baba, kun hana aure, kun hana hoto. Abin da kuke taƙama da shi, shi ne ya rufe mini ƙofa."

Na mare ta har ta bugi bango. Daga ranar, in ban da gaisuwa ba abin da ke haɗa mu.

Lokacin cirar gyaɗa, na dawo daga gona da hantsi na tarar da Ladi a ƙasa tana birgima. Wai wani mutum da Rifkatu ta haɗu da shi a tasha ya ce mata yana fitar da mutane ta Babura, su bi Damagaram da Agadas, su ƙetare sahara da ruwa, kuma a hanyarsa ba mai tambayar takardar aure. Ta tafi tun safe, ko Yohanna bai sani ba. Ladi ta tuna ta taɓa jin ta a waya ana kwatanta mata wani kango a bayan Kanya Babba, inda ake tara su kafin a tsallaka iyaka.

Ban yi addu'a ba, 'yan'uwa. Gora na ɗauka, na tare ɗan acaɓa. Da muka hango kangon da rana tsaka, ya sauke ni ya juya, ko waiwaye bai yi ba.

An kewaye wurin da zana, ga mota a-kori-kura a ƙofa. Na kutsa kai. 'Yan mata a zaune a ƙasa, an ƙwace musu waya da jaka. Rifkatu na cikinsu, leɓenta a kumbure, don ta ce ta fasa tafiyar. Ƙattai huɗu ke gadinsu. Babbansu ya miƙe yana murmushi.

"Tsoho, me ka zo saya?"

"'Yata na zo ɗauka."

"Nan ba 'yar kowa. Kaya ne, an riga an gama cinikinsu."

Na sauke masa gora a kafaɗa, na ji ta shiga da kyau. Dukana na ƙarshe ke nan a duniya. Ɗaya ya shaƙe ni ta baya, ɗaya ya murɗe gorar daga hannuna. Kan ƙarfen nan da ni na ɗaura shi da kaina, shi ya fara sauka a bakina. Na tofar da haƙora kamar mai tofar da ƙwallon magarya. Na kare da hannu, hannun ya ce ƙas. Suka tattaka ni, suka ci gaba da jibga har gorar ta karye a bayana. A nan na san abin da ɓarawon akuya ya ji, da wanda ya zo rabo, da Yohanna.

Rifkatu ta faɗo kaina tana kare ni da jikinta. Babban ya ja ta da gashi, ya ɗora mata wuƙa a wuya. Na ga jini ya fara bin ƙarfen.

"Ka sake motsi, tsoho, in yanka ta a gabanka."

'Yan matan suka fasa kururuwa. Ni kuwa ba gora, ba hannu, ba baki. Sai a lokacin na tuna ina da Ubangiji. Na ce a zuciyata, "Ya Yesu, ka ga dai inda gora ta kawo ni. Ni na koro yarinyar nan zuwa wurin nan. Ni ka bar ni a nan in ka so, ita dai ka fitar da ita."

Ban kai ga amin ba na ji ƙasa tana rawa. Zana ta kwanta gaba ɗaya, sai ƙahoni. Garken shanu ne ya afko cikin kangon, wani dattijon Bafulatani mai suna Malam Buba da manyan 'ya'yansa suna koro su da sanduna suna ihu. Sun ji kururuwar ne suka juyo da garken. Wani bijimi ya ɗaga ɗaya daga cikin ƙattan ya maka shi da bango. Babban ya saki wuƙa, suka yi rige-rigen shiga mota, suka bar takalmansu. Halleluya!

Malam Buba ya tsuguna a kaina. "Dattijo, da furfurarka kake faɗa da mutum huɗu?"

Na ce, da abin da ya rage na baki, "Na saba ni ke dukan."

"To, yau ka ɗanɗana. Ka gode wa Allah, nan ba hanyarmu ba ce. An shuka dawa a kan burtalinmu, shi ya sa muka zagayo."

Shi Musulmi, ni Kirista, amma ranar bakinmu ɗaya: Allah ne ya toshe wannan burtali. Su suka kai ni asibiti, suka kira hukuma aka mayar da 'yan matan gidajensu.

Da na farfaɗo, Rifkatu na zaune gefen gado da bandeji a wuya. Ta ce, "Baba, zan yi jinyarku har ku warke. Amma ba zan koma gidan ba."

Wannan ta fi gorar zafi. Na ce, "Bugo mini yaron nan."

Ta kara mini wayar a kunne. Na ce, "Yohanna, in an ba ku hutu ka zo a ɗaura."

Can ya ce, "Baba, gorar fa?"

"Ta riga ni tuba."

Rifkatu ta yi dariya, ta kama wuyanta don zafi, sai kuma ta kifa kai a kan gadon tana kuka.

Da hutun Kirsimeti aka ɗaura a majami'a, aka je aka yi rajista a hukuma. Daga gidana aka ɗauki amarya. Ni na riƙa jan mai hoto ina cewa, "Ku matso, kafaɗa ta taɓa kafaɗa, Turawa na son gani." Duk hoton da kuka duba ina ciki, baki wangale ba haƙori. An jira, an sha tambayoyi, daga baya aka ba ta izini. A Kano ta hau jirgi da rana, kowa na gani.

Yanzu suna can, shi da tabo a goshi, ita da tabo a wuya, kuma na san ta inda kowanne ya biyo. Guntun gorar, Ladi ta sa an fere shi ya zama muciya, da shi take tuƙa mini tuwo mai laushi, don shi kaɗai nake iya ci.

Na gode wa Yesu da ya ji addu'ar bakin da ba ya iya buɗuwa. 'Yan'uwa, in yaranku sun zo ta ƙofa suna roƙo, ku saurare su, ku kai maganar gaban Ubangiji, kada ku tura su hannun masu wuƙa. Ku dogara gare shi tun haƙoranku na nan. Amin.