Gurbi Guda, Yara Biyu

A tashar Tambuwal, Malam Atiku, hedimastan Fakku, yana jiran motar Sakkwato, riƙe da takardar da zai rubuta sunan ɗalibin da za a tura sakandare. Wani tsoho ya dube shi.

"Malam, wai a Ikko na'ura ka zaɓen yara yanzu?"

"Da ma su kawo muna ita, Baba. Gurbi guda gare ni, yara biyu: ɗan yayata, da Kaltume, ɗiyar wani manomi, wadda ta fi shi maki."

"Ita na'urar wa za ta ɗauka?"

"Kaltume mana."

"Ashe ka sani."

Malam ya yi dariya. "Na sani. So nikai yayata ta zagi ƙarfe, ba ni ba. Yara ɗari na tsorona, ni ko mace guda nika tsoro."

Ya zaro biro, ya rubuta Kaltume.

"Shi ke nan, Baba. Bana ban da naman Salla a gidan yayata."