A Bar Furen Malama Ya Gama Bushewa

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Assalamu alaikum.

Malam Liman, Allah ya ƙara lafiya. Mai unguwa, Allah ya ja kwana. Shugabar makaranta da malamanki, sannunku da zuwa. Injiniya, babban ɗan marigayiya, da ƙannenka da matarka Amarya, Allah ya ba ku haƙuri. Matan layinmu da kuka turo ni, kun san muryata ba ta kai ƙofa, sai na baya su matso.

Malama ta kasance mai koyarwa tun kafin wasunku su san dama da hagu. Da yawa a cikinmu ita ta kama mana hannun 'ya'ya suka rubuta harafin farko. Ta kasance in an kwantar da wani a asibiti, kafin dangi su ɗaura zane ta riga ta isa. Ta kasance ba ta kai magana, ba ta kawowa. Wannan kowa ya shaida. Ni kuwa katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma abin da na fi gani ta kan katangar nan shi ne fure.

Kun san shi. Fari tas, tsakiyarsa rawaya, a kan siririn kara, iska kaɗan sai duk tsakar gidan ta kama rausaya. Damina ɗaya yake yi ya mutu, baɗi sai an sake shuka iri. Kuma gaskiya ɗaya ce, mu matan layin nan mun ji kishinsa, ni ce kuma a gaba. Maigidana kan tsaya da butarsa a hannu yana leƙe, ya ce, "Ikon Allah! Ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya." Daga nan ba ya ƙarawa. Ni nake ƙarasa masa a zuci.

Abin ya dame ni har na kai wa Malam Liman, ga shi nan zaune. Na ce, "Malam, wannan hassada ce?" Ya ce, "So kike nata ya mutu?" Na ce, "Subhanallahi! So nake nawa ya fi nata." Ya yi dariya ya ce in yawaita istigfari, in kuma rage ba shuka ruwa.

Ba rowa ta yi mana ba. Ta kasance duk shekara tana ƙulla irin a 'yar takarda, gida-gida. Magana ɗaya take maimaitawa: "Ki yayyafa a sama, ki danna da tafin hannu, ki tashi. Kada ki rufe, haske yake so." To mu 'ya'yan manoma ne. Tun muna yara, iri sai an tona an zuba an take da diddige. Sai in yayyafa, in danna, in tashi kamar yadda ta ce, amma in na waiwaya na gan shi a fili, tausayinsa ya kama ni. Kafin la'asar hannuna ya ja ƙasa. Sai Malama ta shigo ta tsugunna, ta soka yatsa ta ce, "Ƙanwata, kin sake lulluɓa masa bargo." In ce, "Yaya, ɗan kaɗan ne, saboda kaji." Ta ce, "Kaji tsohon gidan sauro ne maganinsu. Ke ce ba ni da maganinki."

Sai ga Amarya, yarinyar da ko barkono ba ta taɓa shukawa ba. Aka ce mata kada ta rufe, ba ta rufe ba. Nata ya fito cif a gefen na Malama, kamar an jera. Ranar da jikin Malama ya yi tsanani, ina riƙe mata kofin ruwa a bakin gado, ta dubi Amarya ta ce, "Irin bana ke za ki tara." A gabana. Na ce to.

Injiniya, ɗana, yanzu da kai nake. Na ji ka yi magana da magini za a malala siminti a tsakar gida, kuma jiya masu shara sun tuge layi guda don a sami wurin shimfiɗa tabarmi. Ban ga laifin kowa ba, abin ya yi baƙi ya yamutse kamar shara. Amma waɗannan busassun kawunan da gangan mahaifiyarka ta ƙi tsinke su, su ne mafi kyau, irin yana cikinsu. In aka rasa na bana an rasa ke nan, don duk layin nan babu mai ko ƙwaya. Don Allah ka dakatar da magini har sai an murza kai tsakanin yatsu ya zube da kansa. Daga nan ka zuba siminti har bango.

Amarya, 'yata, na haife ki. Amma ke aka ba wa, ba ni ba. Ga ni gaban Liman da mai unguwa ina roƙonki: in kin tara, ki ɗan tsakura mini. Ranar shuka kuma ki zo ki tsaya a kaina har magariba, in kika ga hannuna ya nufi ƙasa, ki buge shi. Na yafe tun yanzu.

Mun gode wa duk wanda ya tako, na kusa da na nesa. Allah ya jiƙan Malama, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Allah ya albarkaci abin da ta bari. Mu kuma ya wanke mana zukata, ya fara da tawa, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.