Lungun da Mota ba ta Shiga

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro.

Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a GRA. Mahaifiyarmu, Hajiya, tana Kwarbai cikin birnin Zariya, inda abokan aikina ke cewa babu komai sai cunkoso da sa ido. Ni ma na sha faɗin haka, da Turanci ma.

Ranar Talata da safe, maƙwabciyarta Inna Ladi mai koko ta ga bakwai ta wuce Hajiya ba ta miƙo kwanonta ta ƙaramar ƙofar da ke tsakanin gidajensu ba. Ta tura ta shiga, ta tarar da ita a ƙasa, baki ya karkace. Mota ba ta shiga lungunmu, sai maza huɗu suka ɗauke ta a tabarma har bakin titi. Likita ya ce da an ƙara awa ɗaya, da ta'aziyya ake yi mana.

Yanzu yayana ya rantse sai Hajiya ta koma GRA. Ya ce, "Kin gani ko? Ko mota ba ta shiga."

Na ce, "Yaya, gidana mota na zuwa har ƙofar falo. Amma da maƙwabcina ya rasu, sai da na ga rumfa na sani."

Hajiya ba ta fara magana ba tukuna. Da ya ambaci tashi, sai ta kama hannun Inna Ladi ta ƙi saki. Ranar Asabar zai zo kwasar kaya.

Masu sauraro, me zan faɗa masa kafin Asabar? Ina gaida Inna Ladi. Allah Ya ƙara mata sa ido.